Tarihin Ernest Thompson Seton, Malamin Zaman Daji

Duk malamin makarantar da ya taɓa ɗaura ƙyallen sikawut a wuya, ya fita da yara bayan gari suka kafa tanti suka kwana, ya san sunan Lord Baden-Powell. Ana karanta wa yara tarihinsa, ana rataye hotonsa a ɗakin taro. Amma in aka tambayi malamin nan ko wane ne Ernest Thompson Seton, da wuya a sami amsa. Alhali kuwa shekara biyar kafin Baden-Powell ya tara yaransa na farko, Seton ya riga ya tara nasa a wani daji na ƙasar Amurka, yana koya musu bin sawu da hura wuta ba tare da ashana ba. Mutanen nan biyu sun sadu, sun ci abinci tare, sun yi musayar littattafai, daga baya suka ɓata. Tarihin Seton mu ke so mu kawo wa masu karatu yau, domin abin da ya raba shi da Baden-Powell yana nan gaban kowane malami mai fita da yara daji, watau sanin abin da a ke zuwa nema can.

An haife shi ran 14 ga Agusta 1860 a South Shields, wani gari na bakin teku a arewa maso gabashin Ingila. Sunan da aka raɗa masa Ernest Evan Thompson. Seton kuwa sunan wani gidan sarauta ne na Sikotlan wanda ubansa ya ke da'awar nan ne asalinsu, sai da yaron ya girma sa'an nan ya ɗauke shi. Uban mai jiragen ruwa ne na fatauci. Karayar arziki ta same shi, ya kwashi iyalinsa cikin 1866 ya haye teku zuwa Kanada, ya sayi gona kusa da garin Lindsay. Noma bai karɓe shi ba. Bayan shekara huɗu ya koma birnin Toronto ya kama aikin akawu.

Mutum ne mai tsanani, mai saurin hannu ga 'ya'yansa. Saboda haka yaron ya mai da kwarin kogin Don, wanda ke bayan birnin, wurin fakewarsa. Can ya ke yini yana kallon tsuntsaye, har ya gina 'yar bukka da hannunsa a wani lungu da ya zaci babu wanda ya san shi. Akwai wani labari da Seton da kansa ya bayar a littafin tarihin rayuwarsa, wanda zai nuna irin gidan da ya fito. Da ya cika shekara 21, uban ya kira shi, ya buɗe littafin lissafi, ya nuna masa duk abin da ya kashe a kansa tun daga ladan likitan da ya karɓi haihuwarsa. Jimla ta kama dala 537 da rabi, aka ce ya biya, har da ruwa. Ya ce kuwa ya biya. Mu a nan mun saba ji ana cewa ɗa ba ya iya biyan iyaye, amma ba mu taɓa jin uban da ya miƙa wa ɗansa takardar bashin nono ba.

Allah ya ba shi hannun zane. Cikin 1879 ya ci lambar zinariya a makarantar zane ta Toronto, ya tafi Landan, ya sami shiga babbar makarantar zane ta can. Da rana yana gidan ajiye namun daji yana zana su, da dare yana laburaren gidan tarihi na Biritaniya yana karanta littattafan masana halittu. Kuɗin abinci ba su isa ba, jikinsa ya lalace, ya komo Kanada cikin 1881. Da shekara ta kewayo sai ya bi wani wansa zuwa Manitoba, inda ya ke noma kusa da garin Carberry, a tsakiyar fili fetal mai ciyawa da tuddan yashi.

A nan ne ya yi karatunsa na gaskiya. An aike shi ya taya noma, shi kuwa hankalinsa yana kan abin da ke gudu cikin ciyawa. Ya ɗauki al'adar rubuta abin da ya gani kowace rana a littafi, bai kuwa bar ta ba har ƙarshen ransa. In ya harbo tsuntsu sai ya auna tsawon fiffikensa, ya buɗe cikinsa ya ga abin da ya ci, ya zana shi. Wata rana ya zauna ya ƙirga gashin jikin tsuntsu guda ɗai ɗai, ya sami fiye da 4,000. Da sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai ya yi ta bin sawun barewa kwana da kwanaki, yana zana sawun a takarda, yana koyon bambanta na mai kiwo da na mai gudu, na lafiyayye da na mai rauni. A cikin wannan yawo ne ya gamu da wani maharbi mai suna Chaska, ɗan kabilar Kiri, ɗaya daga kabilun asalin ƙasar waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Jajayen Indiyawa. Suka yi farauta tare, Seton ya ga abin da wannan mutum ke karantawa a ƙasa ya wuce duk abin da ya karanta a Landan. Daga nan ya fara girmama mutanen nan, girmamawar da ta bi shi har kabari.

Sauran shekarun samartakarsa ba sai mun daɗe a kansu ba. Ya yi zaman Niyu Yok yana zane don neman abinci, har ya zana wa wani babban ƙamus hotunan dabbobi wajen 1,000. Ya ƙaro ilmin zane a Faris. Ya rubuta littafi a kan tsuntsayen Manitoba, gwamnatin lardin ta naɗa shi masanin halittunta cikin 1892.

LABARIN LOBO

Cikin watan Oktoba 1893 wani attajiri mai garken shanu a Niyu Meziko, kudu maso yammacin Amurka, ya ɗauke shi aiki ya je ya kashe masa kyarketai. Kyarkecin waccan ƙasa ya fi namu girma nesa. Da ya ke Turawa sun riga sun ƙarar da ɓakanen da ya ke ci a da, sai ya juya kan shanu. Makiyayan kwarin Kurumpa sun rasa yadda za su yi da wani ƙaramin garke na kyarketai da shugabansu, wanda su ke kira Lobo. Seton ya zaci aikin 'yan kwanaki ne. Sai da ya shafe wata huɗu.

Ga yadda ya ba da labarin. Da fari ya gwada guba. Ya narka cuku da kitsen ƙoda cikin kwanon tangaran, ya yanka da wuƙar ƙashi don kada warin ƙarfe ya taɓa shi, ya sa safar hannu da aka jiƙa da jinin karsana, ya bi daji a kan doki yana yar da loma nan da can. Da gari ya waye ya bi sawu, ya ga an ɗauke loma ta farko, da ta biyu, da ta uku, har ya fara murna. Da ya isa ta huɗu sai ya tarar Lobo ya tara su duka wuri guda, ya yi kashi a kansu, ya wuce. Ya koma ga tarkon ƙarfe, Lobo ya riƙa tone su ɗaya bayan ɗaya yana barinsu a fili.

Abin da ya ba shi sa'a bin sawu ne. Ya lura akwai wani ƙaramin sawu da kan wuce gaban na shugaban, abin da namiji a garken ba zai yi ba ya kwana lafiya. Ya gane ta mace ce, farar kyarkeciyar nan da makiyaya ke kira Blanka, matar Lobo. Ya ɗana mata tarko kusa da kan saniya, ta faɗa, suka kashe ta da igiya, suka kai gawar gida. Kwana biyu ana jin kukan Lobo cikin kwari yana nemanta. Dabbar da ba ta taɓa yin ganganci ba sai ga ta har bakin gidan makiyaya. Seton ya ɗana tarko 130 a hanyoyin da ke shiga wurin, ya ja gawar Blanka bisa kansu don warinta ya zauna. Ran 31 ga Janairu 1894 ya tarar da Lobo kwance, tarko huɗu sun kama ƙafafunsa huɗu.

Bai harbe shi ba. Suka ɗaure masa baki, suka aza shi a doki, suka kai shi gida suka ɗaure da sarƙa. Ya ajiye masa nama da ruwa, bai ko dube su ba, idonsa yana can kan filin da ya mallaka. Kafin gari ya waye ya mutu. Seton ya ci nasara, amma nasarar ba ta yi masa daɗi ba, bai kuwa sake kashe kyarkeci ba har abada. Daga baya ma tafin ƙafar kyarkeci ya ke zanawa kusa da sa hannunsa, yaransa kuma suna kiransa Baƙin Kyarkeci.

Cikin 1898 ya haɗa wannan labari da waɗansu bakwai, na hankaka da zomo da dila da dokin daji da sauransu, ya buga littafi mai suna Wild Animals I Have Known, watau namun dajin da na sani. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai, ya mai da shi attajiri, ya riƙa zaga garuruwa yana lacca yana kwaikwayon kukan dabbobi. Kafin wannan lokaci yawancin Turawa ba su san kyarkeci da kome ba sai ɓarna. Seton ne ya sa dubban yara suka yi wa kyarkeci kuka.

Ɗaukaka ba ta zuwa ita kaɗai. Cikin 1903 wani dattijo masanin halittu mai suna John Burroughs ya rubuta a wata mujalla cewa Seton da waɗansu marubuta suna cuɗa gaskiya da ƙage, suna ba dabba tunani irin na mutum, sa'an nan su ce da idonsu suka gani. Cikin 1907 Shugaban Amurka kansa, Theodore Roosevelt, ya sa baki cikin gardamar, ya goyi bayan Burroughs. A ganinmu dattijon yana da gaskiya a wani gefe. Seton ya faɗa tun a gabatarwar littafinsa cewa wani lokaci yakan haɗa halayen dabbobi da yawa ya ɗora wa guda, kuma wanda ya karanta labarin dilar da ta kawo wa ɗanta guba don ta fid da shi daga ƙangi ya san an sa gishiri. Amma yadda ya rama abin ya isa a yaba. Bai tsaya cacar baki a jarida ba. Cikin 1907 ya shiga kwalekwale tare da wani masani, Edward Preble, suka yi tafiyar mil wajen 2,000 a arewacin Kanada, har ƙasar da itace ba ya tsira saboda sanyi. Cikin 1909 ya fid da manyan littattafai biyu na ilmi tsantsa a kan dabbobin arewa, tsakanin 1925 da 1928 ya ƙara huɗu. Saboda waɗannan aka ba shi lambar girma, lambar kuwa sunan Burroughs ta ke ɗauke da shi.

YARAN DA SUKA ƁATA MASA SHINGE

Da kuɗi suka samu, ya sayi daji a Cos Cob cikin jihar Konetikat, ba nisa da Niyu Yok, ya kewaye shi da shinge. Ashe dajin nan wurin wasan yaran ƙauyen ne tun da daɗewa. Suka yi ta karya shingen, suna rubuta masa zagi a ƙofa da fenti. Maƙwabta suka ba shi shawara ya kira 'yan sanda. Shi kuwa ya tuna da bukkarsa ta kwarin Don, sai ya tafi makarantar ƙauyen, ya roƙi izinin malama, ya gayyaci manyan yaran su zo gidansa su yi hutun ƙarshen mako a daji, abinci da kwalekwale da bukkokin kwana duk nasa. Wannan cikin 1902 ne. Yara 42 suka zo.

Ya bar su suka yi iyo suka yi ihu har suka gaji, suka ci suka ƙoshi. Da dare ya yi aka hura wuta, suka zauna a kewaye, ya shiga ba su labarin mutanen asalin ƙasar, jaruntakarsu da sanin dajinsu. Da ya ga zukatansu sun kamu, sai ya kawo shawara su kafa kabila tasu, su zaɓi sarkinsu da kansu. Suka zaɓi wanda ya fi su ƙarfi, watau shugaban masu ɓarnar. Seton bai hana ba. Shi kansa matsayin mai ba da shawara kaɗai ya ɗauka. Yaran suka yi dokokinsu, cikinsu har da hana ɓarna da hana kashe tsuntsu ba dalili. Wannan shi ne mafarin ƙungiyar da ya kira Woodcraft Indians, watau Indiyawa masu sanin daji. A shekarar nan ya fara bayyana tsarinta a wata mujalla, cikin 1903 ya buga labarin waɗansu yara biyu da suka yi zaman daji, wanda a cikinsa ya saƙa darussan duka, cikin 1906 kuma ya fid da littafin dokokin ƙungiyar, The Birch Bark Roll.

Ya kamata malamai su lura da yadda ya ke ba da lada. Ba a gasa a ce wane ya zo na ɗaya. Akwai ma'auni da aka ajiye ga kowane abu, ko iyo, ko tafiyar ƙasa, ko sanin sunayen itatuwa da taurari, ko kwana a waje. Duk yaron da ya kai ma'aunin ya sami gashin tsuntsu guda ya soka a hularsa, ko su nawa ne suka kai. Dalilinsa shi ne gasa tana ƙarfafa mai ƙarfi ne kaɗai, rarrauna kuwa ta kashe masa zuciya, ga shi kuwa rarraunan shi ya fi bukatar daji. Yana koyarwa ta hanyar wasa. Akan ɗinka barewa da buhu a cusa mata ciyawa, yaro guda ya ɗauke ta ya shiga daji yana barin alama a ƙasa, sauran su bi sawu da kwari da baka. Abin da ya fi shahara da shi kuwa hura wuta da itace. Akan sami ɗan baka mai tsirkiyar fata, a naɗe ta a jikin wani tsinke mai kauri na busasshen itace, a kafa tsinken a kan allo mai tsaga a gefe, a danne kansa da dutse mai rami, a yi ta jan bakan gaba da baya. Garin itacen da ke zubowa cikin tsagar yakan yi baƙi, ya fara hayaƙi, ya zama garwashi ƙanƙane, sai a juye shi cikin busasshiyar ciyawa a hura a hankali. Seton ya ɗauki wannan a kan babban darasi, domin yaron da ya fid da wuta daga itace da hannunsa ba zai ƙara jin tsoron daji kamar da ba.

SETON DA BADEN-POWELL

Shi Baden-Powell ta wata ƙofa dabam ya shigo. Soja ne tun yana saurayi, ya yi aiki a Indiya da Afirka. Cikin 1895 shi ya ja rundunar 'yan ƙasa masu share hanya da leƙen asiri a tafiyar yaƙin Asante zuwa Kumasi, tafiyar da sojan Hausawa na waccan ƙasa su ma suna ciki. Cikin 1896, a yaƙin Matabele, ya yi yawon leƙen asiri cikin duwatsun Matopo tare da wani Ba'amurke gwanin bin sawu, Frederick Burnham, ya ƙaru da shi ƙwarai. Cikin 1899 ya rubuta ɗan littafi don koya wa soja leƙen asiri. Sa'an nan aka kewaye shi a garin Mafeking kwana 217 a yaƙin Bowa, ya riƙe garin, ya komo Ingila sunansa yana bakin kowa. Ya tarar malamai suna karanta wa yara littafin nan nasa na soja, ya tarar kuma manyan ƙasa suna cikin damuwa, domin da yawa daga samarin birane da suka zo shiga soja lokacin yaƙin an mai da su gida saboda rashin lafiyar jiki.

Cikin 1906 Seton ya aika masa da littafin dokokin ƙungiyarsa, a watan Oktoba na shekarar suka sadu a Landan, suka rabu a kan za su taimaki juna. Cikin Agusta 1907 Baden-Powell ya tara yara wajen 20 a tsibirin Brownsea ya gwada tsarinsa, cikin 1908 ya buga Scouting for Boys. Da Seton ya karanta sai ransa ya ɓaci. Ya ga wasanninsa a ciki, waɗansu an sauya musu suna, ya ga tsarin ba da lada bisa ma'auni ya koma lambobin da a ke ɗinkawa a hannun riga, ambaton sunansa kuwa bai kai yadda ya ke tsammani ba. A ganinsa abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, amma ko da ba a yi rigimar suna ba, da wuya tafiyarsu ta zo ɗaya. Su biyun suna koya wa yaro bin sawu. Baden-Powell yana koya masa ne don idonsa ya buɗe, ya lura, ya kawo rahoto daidai, ya zama mai amfani ga Sarki da ƙasa ran da aka bukace shi. Daji a wurinsa filin horo ne. Seton kuwa yana so yaro ya bi sawun don ya san dabbar da ta yi shi, in ya san ta ya ji tausayinta, ya san shi ma halitta ne cikin halittu. Baden-Powell ya sa wa yara tufafi iri ɗaya, ya kasa su rukuni rukuni kowanne da shugaba, ya ba su alkawari da doka da gaisuwa. Seton ya fi son kowane yaro ya yi wa kansa ado da abin da hannunsa ya yi, a zauna a da'ira inda babu gaba babu baya. Gwarzon da ya ke nuna wa yara shi ne Tekumse, sarkin kabilar Shawani wanda ya yaƙi Amurkawa don kare ƙasar kakanninsa. Kada kuwa a zalunci Baden-Powell. Shi ma bai son yawan fareti ga yara, ya kuma sa tausayin dabbobi cikin dokokinsa. Sai dai mutum ba ya rabuwa da inda ya fito, kalmar sikawut ɗin kanta sunan sojan leƙen asiri ne.

Akwai na uku a Amurka, Daniel Beard, wanda ya kafa tasa ƙungiyar cikin 1905. Shi gwarzonsa Baturen farko mai gatari da bindiga, wanda ya sare daji ya kafa gari, watau mutumin da ya kori gwarzon Seton daga ƙasarsa. Mai karatu ya iya kintata yadda zaman waɗannan biyu zai kasance a majalisa guda.

Aka kuwa haɗa su. Cikin 1910 aka kafa ƙungiyar sikawut ta Amurka, Seton da Beard suka shigo da yaransu. Aka naɗa Seton Babban Sikawut, shi ya haɗa littafinta na farko, shi ya shugabanci zangon farko a bakin tafkin George. A wata liyafa a Niyu Yok a shekarar nan Baden-Powell ya tashi gaban jama'a ya ambaci Seton da Beard cikin iyayen wannan aiki, ya sa kansa a baya. Wannan bai warkar da ciwon ba. Cikin 1911 aka ɗauki wani lauya, James West, ya riƙe ofis. West a gidan marayu ya tashi, mutum ne mai tsari da ƙwazo, mai son kome a rubuce. Ma'aikata ba su bukatar mu gaya musu cewa wanda ke riƙe da fayil da hatimi shi ke da ofis, ko wane ne ke da babban suna. Seton yana yawon lacca, West yana zaune yana gina ƙungiya yadda ya ga dama.

Da yaƙin duniya ya tashi cikin 1914 sai tsagar ta buɗe. Masu ƙarfi a ƙungiyar suna so a ƙara cusa wa yara kishin ƙasa da shirin yaƙi, Seton yana ganin an bar daji an koma tuta da ganga. Abokan hamayyarsa suka sami makami, domin har lokacin bai karɓi takardar zama ɗan Amurka ba, talakan Sarkin Ingila ne. Cikin 1915 ba a sabunta naɗinsa ba, kafin shekarar ta ƙare ya sanar a jarida ya rabu da su, aka bi littafin ƙungiyar aka cire babobinsa. A shekarar nan ce kuma aka fara sikawut a Nijeriya, bisa tsarin Baden-Powell.

In za mu faɗi ra'ayinmu, Seton ya yi gaskiya da ya ce an ɗebi nasa, amma ya yi kuskure da ya zaci dabarar wasa ita ce dukan aikin. Abin da Baden-Powell ya yi shi ne ya shirya abin yadda kowane malami, ko bai taɓa kwana a daji ba, zai buɗe littafi ya tara yara takwas ya fara. Shi ya sa tsarinsa ya zaga duniya cikin 'yan shekaru. Tsarin Seton kuwa yana bukatar mutum irin Seton a bakin wuta, irinsa kuwa ba su da yawa. Ya kuma ɓata shekaru yana rubuce rubucen neman haƙƙinsa, har abokansa suka gaji. Amma sauƙin nan na Baden-Powell yana da nasa hasara. Sau nawa a ke ganin malami ya zaunar da yara a inuwar makaranta yana koya musu ƙullin igiya daga littafi, alhali a bayan gari akwai tsohon maharbi, ko Bafillatani makiyayi, wanda zai dubi ƙasa ya faɗi abin da ya wuce da lokacin da ya wuce, ya san saiwar da ke da ruwa da ganyen da ke kisa? Seton da ya gamu da Chaska bai ce ai wannan bai yi makaranta ba. Binsa ya yi.

Akwai wani zargi da mutanen asalin Amurka suka yi wa irin tsarinsa daga baya, ya kuwa cancanci a faɗe shi. Ya tsinci al'adun kabilu dabam dabam ya gauraya su, ya ba 'ya'yan Turawa suna wasa da gashin tsuntsu da raye rayen da ke da tsarki ga masu su, a daidai zamanin da gwamnati ke kwashe 'ya'yan kabilun nan tana kai su makarantun kwana inda a ke hana su harshensu. Gaskiya ne shi kansa ya yi ta sukar zaluncin da aka yi musu, a lokacin da masu faɗin haka ba su da yawa, kuma ya yi aiki tare da Charles Eastman, likita ɗan kabilar Dakota. Duk da haka zargin bai faɗi ƙasa ba.

Bayan rabuwar ya sake kafa ƙungiyarsa, ya buɗe ta ga maza da mata, yara da manya. Ba ta taɓa kusantar sikawut a yawa ba, amma ta yi rassa a Ingila da Cekoslobakiya. Cikin 1926 ƙungiyar sikawut ta Amurka ta ba shi babbar lambarta ta girmamawa, ya karɓa. Cikin 1930 ya koma Niyu Meziko, ƙasar Lobo, ya sayi fili kusa da Santa Fe, ya gina babban gida na dutse, ya buɗe makarantar horar da shugabannin matasa. Sai cikin 1931 ya zama ɗan Amurka. Aurensa na fari da Grace Gallatin, wadda ta haifa masa 'ya guda, marubuciyar nan Anya Seton, ya mutu cikin 1935, ya auri Julia Buttree, abokiyar aikinsa. Baden-Powell ya rasu a Nyeri ta ƙasar Kenya cikin 1941. Seton ya ci gaba da rubutu da lacca har ya rasu a gidansa ran 23 ga Oktoba 1946, yana da shekara 86.

Gidan ya ƙone cikin 2005 ana tsakiyar gyaransa. Littattafansa da zane zanensa da yawa ba su ciki, domin tun bayan rasuwarsa matarsa ta ba da su ga babban zangon sikawut na Philmont, a nan Niyu Meziko. Fatar Lobo ma can aka kai ta.